Bayan Ruwa Ya Janye: Kundin Aikin Gyaran Gidanmu

Talata, 19 ga Agusta

Ruwa ya fita daga ɗakuna jiya da daddare, saura na tsakar gida, iya idon sawu. Gidan namu bene ne mai hawa uku, iyali goma sha biyu, huɗu a kowane hawa, da wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda injin tura ruwa sama yake. Mazauna gida sun ɗora mini riƙon littafin aiki da na kuɗi, don haka a nan zan riƙa rubuta abin da aka yi, kowa ya gani da idonsa.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Mutanen ƙasa sun hau sama tun daren da ambaliyar ta faru, an rarraba su a gidajenmu.

Yau abu biyu kawai aka yi. Na farko wuta. Babban akwatin rarraba wuta yana ƙarƙashin matakala, ruwa ya shanye rabinsa. Unguwar ba wuta, amma ba wanda ya san sa'ar da za a maido ta, shi ya sa mai gyaran wuta ya raba gidan da layin waje gaba ɗaya kafin kowa ya sa ƙafa a ƙasa. Har inbatar masu sola a hawa na uku ya sa aka kashe, domin tana iya turo wuta cikin wayoyin gida alhali layin waje a mace yake.

Na biyu hotuna. Mun bi ɗaki ɗaki mun ɗauki komai yadda ruwa ya bar shi, kafin a motsa ko tsinke. Shatin ruwa a bango santimita 90 ne daga daɓe. Na ja layi a kai a kowane ɗaki, na rubuta kwanan wata.

Laraba, 20 ga Agusta

Injiniyar gini ta zo da safe. Ta zagaye gidan tana duba inda ruwa ya zaizaye ƙasa kusa da tushe, ta buɗe ƙofofi ta rufe don ta ga ko akwai wadda ta fara cijewa, ta haska ginshiƙai da tocila. Katangar baya ta tsage kuma ta ɗan karkata, ta ce kada yaro ya raɓe ta. Shi kansa ginin ba ta ga abin tsoro ba, sai wata siririyar tsaga a bangon matakala. Ta manna ɗan filasta a gicciye a kanta, ta sa kwanan wata. Idan ya tsage, bangon yana motsi ke nan, a kira ta ko tsakar dare ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ɗakin inji. Cike yake taf, kuma niyyar kowa a kawo injin jan ruwa a zuƙe shi yau. Ta hana. Ɗakin mita 5 ne da mita 4, zurfinsa mita 2.4, wato tan 48 na ruwa, tunda ruwan da ya cika mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi tan guda ne. Ƙasar da ke kewaye da shi a jiƙe take sharkaf, tana danno bangon daga waje, ruwan cikin ne yake tokare da shi. In aka kwashe shi lokaci guda, bangon zai iya tsagewa ko ya rufto, daɓen ma ya kumburo. Ta ce a riƙa janye kusan kashi ɗaya cikin uku a rana, a sa alama, a duba da safe. In ruwa ya sake hawa ya wuce alamar, a dakata. Haka ta ce game da ramin sokawe: kada a kwashe shi sai ƙasa ta tsane.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ranar laka. Tun asuba aka fara, domin in ta bushe sai da diga, kuma ƙurarta ce za ta koma huhun mutane. Kaurinta a falo ya kai tsawon ɗan yatsa, a banɗakuna ya fi haka. Shebur, baro, sannan tiyo.

Na tsaya a ƙofa na ce ba mai shiga sai da takalmin roba mai tsawo, safar hannu mai kauri, da takunkumi irin N95. Yara, masu juna biyu, masu asma da duk mai buɗaɗɗen rauni su zauna a sama. Wasu samari sun yi ta ƙorafin zafi. Na nuna musu murfin kwatar da ruwa ya ɗage ya yar a bakin ƙofa. Ruwan da ya kwana a ɗakunan nan ya biyo ta masai da juji da garejin mota kafin ya iso mu.

Kaya an kasa su uku a tsakar gida. Abin da ba ya shan ruwa, kamar ƙarfe, gilashi, roba da tangaran, a wanke. Tufafi da zannuwa, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ya sha ruwa har cikinsa, katifa, matashi, kafet, kujerun kushin, sai juji. Magunguna da kayan ci da ruwa ya taɓa su ma haka. Fumfuna tana fara kama jiƙaƙƙen abu cikin awa 24 zuwa 48, mu kuwa mun wuce haka tun ruwa bai janye ba.

Gidajen ƙasa su ne lamba 1 zuwa 4. Kabad ɗin lamba 3, irin na garin katako da gam, ya kumbura ya ninka kaurinsa. Mutum biyu suka ɗaga shi, ƙasansa ya zauna a wurin, saman ya rabu a hannunsu.

Dattijuwar da ke lamba 2 ta zauna a kan matakala tana kallon ana fitar da kujerunta. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ba za a shanya su ba? Rana fa tana kashe komai." Na durƙusa na ce, "Hajiya, rana za ta busar da yadin, amma soson ciki ya sha ruwan kwata, kuma a kansu jikokinki suke barci." Ta yi shiru, can ta ce a bar mata katakon. Katakon kirki ne, an yage yadi da soso an ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali.

Takardun da suka jiƙe, na makaranta da na aiki, ba a ɓamɓare su ba. An sa su a leda an kai firizar wani ɗan'uwa da ke da wuta. Daskarewa tana tsayar da fumfuna har a samu sukunin busar da su ɗaya ɗaya.

Asabar, 23 ga Agusta

Yau Allah ya kiyaye.

Injin jan ruwan da muka ɗauko haya na fetur ne, a tsakar gida aka kafa shi tun jiya. Da hantsi aka fara yayyafi, sai masu aikin suka ja shi suka shigar ƙarƙashin matakala don kada ya jiƙe. Ƙofar waje a buɗe take, suka ɗauka hakan ya isa. Samari biyu suna saukowa cikin ɗakin inji suna gyara tiyo. Ba a yi awa ba ɗaya ya ce kansa yana sarawa, ɗayan ya zauna a kan matakala ya fara amai. Baba mai gadi ne ya lura yaron yana magana harshe na karyewa. Ya kashe injin, ya yi ihu, aka ciccibo su waje. A asibiti an sa musu iskar oksijin, da yamma aka sallame su.

Iskar kabon monoksaid ce. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma duk injin da ke ƙona mai yana fitar da ita, janareta ne ko injin ruwa. Ramin matakala kuwa har sama yake jan ta: wata mata a hawa na biyu ta ce ita ma tun safe kanta yake ciwo, ba ta san dalili ba. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar ita ce a ajiye irin wannan inji a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. An auna mita 6, an yi masa rumfa da kwano biyu, an ƙaro tiyo. Na sayo na'urar da ke ƙara in ta ji iskar, an rataye a matakala.

Na kasa cin komai har dare. Ruwa bai ɗauki kowa ba, saura kaɗan aikin gyara ya ɗauki biyu.

Lahadi, 24 ga Agusta

Zaman mazauna gida da mai gida, kan kuɗi. An ɗauki lokaci, rai ya ɓaci.

Mai gida yana da inshora, amma da aka karanta takardar, gobara ce kawai a ciki, ba ambaliya. Wasu daga hawa na uku suka ce ruwa bai taɓa su ba, ba su ga dalilin da za su biya daidai da kowa ba. Ban ga laifin mai lissafin aljihunsa ba, kowa yana da nauyi a kansa. Amma na tambaye su ruwan da za su sha daga wane tanki zai fito, wutarsu ta wane akwati take bi, in sun zuba ruwa a banɗaki ina yake sauka. Duka uku a ƙasa suke, duka uku sun lalace.

Abin da aka tsayar, aka rubuta, kowa ya sa hannu: bango, wayoyi, tanki da magudana na mai gida ne. Kwashe laka da shara, hayar inji, kayan wanki da na kariya, a raba daidai tsakanin gidaje goma sha biyu. Kayan mutum na kansa, asararsa ce, sai abin da maƙwabta suka taimaka da shi don Allah. Na roƙi mai gida ya ɗauke wa mutanen ƙasa haya har ranar da za su koma. Ya ce wata biyu. An karɓa, amma na faɗa masa a gaban kowa cewa ban ga alamar wata biyu zai isa ba.

Kowane rasit zan ɗauki hotonsa in tura wa kowa a ranar.

Laraba, 27 ga Agusta

Tifa ta kwashe sharar ƙarshe. An fara wankin bango da daɓe da omo da burushi. Filastar matakala lafiya lau.

Juma'a, 29 ga Agusta

Ɗakin inji ya ƙare. Akwai safiyar da muka tarar ruwa ya haura alama da kusan taƙi ɗaya, aka bar shi ya kwana biyu kafin a ci gaba. Mai injin ya caje mu kuɗin kwanakin da injinsa ya zauna, haka yarjejeniyar take. A ƙasan ɗakin an samu laka har gwiwa da macizai biyu, ɗaya da rai. Injin tura ruwa an kwance shi an kai wa mai gyara.

An fara feshin kashe ƙwayoyin cuta a gidajen ƙasa. Sai an wanke da sabulu an ɗauraye tukuna, domin datti yana cinye ƙarfin bilic. Ma'aunin: kofi ɗaya, wato kusan mililita 240, a lita 19 na ruwa, a shafa a bar shi ya bushe da kansa, tagogi a buɗe. Kullum sabo ake haɗawa. Na kwashe duk ruwan wankin masai da na goge gilashi na kulle a ɗakina, saboda na ga wani yana shirin zuba su a bokiti ɗaya wai ya fi ƙarfi. Bilic in ya haɗu da mai asid yana fitar da iskar kulorin, in ya haɗu da mai amoniya yana fitar da wata gubar daban. Asibiti ɗaya ya ishe mu.

Litinin, 1 ga Satumba

Mai gyaran wuta ya wuni. Duk soket ɗin da ya buɗe a ƙasa akwai laka a bayansa, wasu bututun waya har yanzu ruwa yake ɗiga daga ciki. Ya ce duk bireka da soket da makunnin da ya nutse canza shi za a yi. Ko ya bushe ya yi aiki yau, laka da tsatsa suna ciki, ranar da ake buƙatar bireka ta katse wuta ranar za ta ƙi.

Ya gwada rufin wayoyin da na'urarsa a kan bolt 500. Abin da bai kai megohm 1 ba, wato ma'aunin yadda rufin yake hana wuta zurarewa, ba a karɓa. Layukan sama duk sun wuce, uku daga na ƙasa sun faɗi. An ja wa hawa na biyu da na uku layin wucin gadi, mutane sun ga haske yau. Ƙasa za ta jira.

Na nemi a ɗaga sabon akwatin zuwa kan matakalar farko, soket kuma su koma sama da shatin ruwa sosai, a sa bireka mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30. Mai gida ya yarda da akwatin da birekar, ya ce zai yi tunani a kan soket.

Alhamis, 4 ga Satumba

Fanka a kowane ɗaki na ƙasa, da wuta daga sama. An cire ƙofofin ciki an jingine. An kifar da duk abin da ke tara ruwa a tsakar gida, sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi.

Asabar, 6 ga Satumba

Tankin ƙasa, mai cin lita 10,000. Murfinsa daidai yake da daɓen tsakar gida, don haka ruwan ambaliya ya shiga son ransa. Tun ranar farko ba mai taɓa shi, ruwan sha kuwa ana tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

An zuƙe, an kwashe laka, an goge bangon da burushi. Mutum ɗaya a ciki da igiya a ƙugu, biyu a baki, ba a bar shi ya daɗe ba. Daga nan muka bi tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya: a zuba ruwa mai tsabta rubu'in tanki, a barbaɗa garin kulorin mai ƙarfi giram 80 ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, namu giram 800 ke nan, a cika, a rufe awa 24. Gobe za a tura shi ta bututai, a zubar, a sake cikawa, a auna har ragowar kulorin ta sauko miligiram 0.5 a lita. Kuɗin tankar ruwa biyu ya shiga lissafin mai gida.

Talata, 9 ga Satumba

Ɗan lamba 4, wanda ya fi kowa aiki ranar laka, yana kwance a asibiti. Zazzaɓi ya kama shi tun makon jiya, ya sha maganin cizon sauro bai sauka ba. Sha-raɓarsa tana ciwo har ba ya iya takawa, idanunsa sun yi jawur. Da aka kai shi, likita ta tambaya ko ya shiga ruwan ambaliya, ta duba ƙafarsa ta ga wani ɗan yanka a diddige. Ashe takalminsa ya huje ranar, bai faɗa wa kowa ba. Tana zargin leptospirosis, cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da wasu dabbobi, wadda ke shiga ta rauni ko ido ko baki, kuma takan yi kwana 5 zuwa 14 kafin ta bayyana. An fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, an yi masa allurar tetanus.

Na bi gida gida da daddare na ce duk wanda ya ji zazzaɓi a watan nan ya je asibiti, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi aiki a ruwan ambaliya, kada ya jira a tambaye shi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ruwan sama mai ƙarfi daren jiya. Mun jera buhunan yashi a ƙofar gida, mun tsaya muna gadin ta da tocila, ko ɗigo bai shigo ta nan ba. Da asuba Baba mai gadi ya ƙwanƙwasa mini ya ce, "Malam, sauko ka gani." Banɗakunan lamba 3 da 4 sun yi ambaliya daga ciki. Baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta ramin daɓe, ya malale har falo, a kan tayil ɗin da aka wanke aka fesa.

Mai gyaran famfo ya buɗe ramukan dubawa ɗaya bayan ɗaya. Bututun da ke fitar da ruwan wanka zuwa babbar kwata yashi ya cike fiye da rabinsa, kwatar kanta a toshe take daga can gaba. In ta cika, ruwa ba shi da wajen zuwa sai ya juyo, kuma ramin da ya fi kowane ƙasa a gidan shi ne ƙofarsa. Ya ce mai yiwuwa ranar ambaliyar ma ta nan ruwa ya fara shigowa kafin ya zo ta ƙofa. Matar lamba 3 ta ce haka ne, a banɗaki ta fara ganin sa.

Ta zauna a bakin ƙofarta ta yi kuka. Ba wanda ya ce mata komai, matan sama suka sauko da bokitai. Abin da ya faranta mini rai a wannan baƙar rana: biyu daga cikin waɗanda suka ja da biyan kuɗi su ne suka fara naɗe hannun riga.

An sake wanki da feshi a gida biyu. An yashe bututun. Za a sa bawul mai hana ruwa dawowa, an kai koke a rubuce kan babbar kwatar, da sa hannun maƙwabtan layin.

Laraba, 17 ga Satumba

Yaron ya dawo gida, ya rame amma yana takawa.

Sakamakon gwajin ruwan tanki bai yi kyau ba, an samu ƙwayar E. coli, alamar bayan gida ya gurɓata ruwa. Ruwan sha bai kamata a same ta a cikinsa ba ko ɗaya a mililita 100. An duba, simintin da ke kewaye da inda bututu ya shiga tankin ya zube, ruwan saman ranar Asabar ya bi ta nan. Za a toshe, a ɗaga wuyan tankin da bulo biyu, a maimaita kulorin daga farko. A ci gaba da tafasawa.

Litinin, 22 ga Satumba

Mai lamba 1 ya gaji da zaman gidan mutane, kuma da gaskiyarsa, mutum shida ne a ɗaki ɗaya. Ya roƙi mai gida, aka yi wa gidansa fenti kwana goma da suka wuce, mai sheƙi, wai ya fi hana danshi. Yau na shiga. Daga daɓe zuwa ƙirjina fentin ya yi ƙuraje. Na sa farce na fasa ɗaya, ruwa ya gangaro, bayansa wani farin gari ya manne a filasta. Gishirin da ke cikin siminti da bulo ne, danshi yake kwaso shi ya fito da shi. Fentin ya toshe wa bangon hanyar fitar da ruwa, shi ne ruwan ya ture shi.

Injiniya ta dawo da na'urar auna danshi. Ruwa ya tsaya a santimita 90, amma danshi ya hau har 130, bango yana jan ruwa sama kamar lagwani. Ta sa aka huda ƙananan ramuka a layin bulo na ƙasa. A na uku ruwa ya tsarto, ja-ja, ya kusa cika kofi. Bulon mai rami ne, ya riƙe ruwa a cikinsa sama da wata guda bayan ɗakin ya bushe a ido. Ta ce kiyasin magina shi ne bango yana bushewa santimita biyu da rabi na kaurinsa a wata in an bar shi da kansa, fanka da na'ura suna rage lokacin, ba sa share shi.

Ta nuna mana gwajin da kowa zai iya: leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a manne ta a daɓe ko bango da salatif ta ko'ina, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga an ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba.

Mai gida ya zo da yamma, ransa a ɓace, an ci rabin wata biyun da ya bayar. Ya ce, "Yanzu sai yaushe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, fentin lamba 1 kai ka biya, kuma kai za ka biya kankare shi. In aka yi sauran ukun yanzu, sau biyu za ka biya kowanne, ga yara za su kwana a ɗakin da ke fumfuna." Ya daɗe yana kallon bangon. Ya ƙara wata ɗaya, ya kuma yarda a ɗaga soket tunda dai za a fasa filasta.

Asabar, 27 ga Satumba

An kankare fentin lamba 1. An sare filastar da ta yi laushi a gidaje huɗun har sama da inda danshi ya kai. Gishirin da ke fitowa da busasshen burushi ake share shi, in an sa ruwa komawa ciki yake yi.

Da aka ciro kabad ɗin kicin na lamba 2, bayansa baƙi ƙirin. Haka gindin katakon ƙofofi. A kan siminti da tayil an kankare da sabulu, aka bi da bilic mai kauri, kofi ɗaya a lita 4. Bayan kabad ɗin ya tafi juji. Har sama abin ya kai: a lamba 6, inda aka jibge kayan mutanen ƙasa aka rufe tagogi, takalma da jakunkuna sun yi furfura.

Mun ɗauko hayar na'urar tsotse danshi guda biyu. Ita sai an rufe tagogi da ƙofa take aiki, fanka kuwa sai an buɗe. Da rana in iska a bushe take muna buɗewa, da dare a rufe a kunna na'ura. Ana so danshin iskar ɗaki ya sauko ƙasa da kashi 60 cikin 100.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Gwajin tanki na biyu ya fito da kyau. An kafa injin tura ruwa a kan dakali. Bawul ya shiga.

Lissafin asusun haɗaka: in an kasa abin da aka kashe gida goma, huɗu sun tafi a kwashe laka da shara, uku a hayar injuna da mai, biyu a kayan wanki da na kariya, ɗaya a asibiti. Gida biyu ba su cika kasonsu ba, sun nemi a jira su ƙarshen wata.

Asabar, 11 ga Oktoba

Leda ta fito a bushe a lamba 2 da 4, a daɓe da bango. A lamba 3 bangon banɗaki yana gumi har yanzu, lamba 1 kuwa ita ce a baya, kwanakin fentin nan sun ci mata lokaci. Filastar matakala ba ta motsa ba, injiniya ta ce a bar ta har ƙarshen shekara.

Mako mai zuwa mai wuta zai ja sababbin layuka uku ya sake gwaji, sannan a yi filasta a 2 da 4. Ita ma sabuwar filastar sai ta bushe kafin fenti, kuma na ruwa za a sa, mara sheƙi, shafi ɗaya. Kabad ɗin kicin za a ɗora su a kan ƙafafun ƙarfe. Ramin sokawe za a kwashe in an yi mako biyu ba ruwan sama. Katangar baya rushe ta za a yi a sake, mai gida yana jiran kiyasin magina. Babbar kwata ba a zo ba tukuna, ranar Litinin mu uku za mu koma da kwafin takardar.